Kunyar da Ta Hana Ummi Tsawo

Da sunan Allah nake farawa. Don masu goyon fari nake rubuta wannan, musamman gajeru irina, ko wata ta tsallake ramin da na faɗa da idona biyu.

Ni gajera ce, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Sunana Saratu, sana'ata ɗinki. A Danja aka haife ni, aure ya kawo ni Tsiga. In na zauna a keken ɗinki ƙafata ba ta isa mataki, sai da aka ɗaura mani guntun katako a kai, amma duk unguwarmu babu mai fitar da wuyan riga kamar ni, ko masu jin haushina sun san da haka. Maigidana Malam Isiyaku manomin masara ne da waken suya, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Ranar da aka kai ni abokan wasansa suka ce rabin mace ya auro don sadaki ya yi sauƙi. Na haɗiye a ranar tunda amarya ba ta magana, amma kafin wata ya zagayo sai da kowannensu ya karɓi amsarsa.

Da na samu ciki, gajartar nan ce ta fara shiga magana. Duk tsohuwar da ta dube ni sai ta dubi ƙuguna ta girgiza kai. Aka ce in rage ci, kada abin da ke ciki ya yi girma ya gagare ni haihuwa. Na bi. Malmalar tuwo guda nake rabawa rana da dare, nama da ƙwai kuwa na kau da kai daga gare su. Da kaka, ana tsakiyar cire masara, na haifi mace 'yar mitsitsiya, aka yi ta barka ana cewa dabarar ta yi. Aka sa mata sunan surukata Hajiya, shi ya sa ake kiranta Ummi.

Ni ko Ummin ban taɓa faɗa ba a lokacin. 'Yar fari ce, kun kuwa san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi mashi wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ka yi kamar a maƙwabta ake yi har sai wani babba ya ce ka ɗauke shi. 'Yan zamani da yawa sun saki wannan kunya, ni kuwa na riƙe ta hannu bibbiyu, don haka na ga ana yi a gidanmu, kuma ina so a ce 'yar Danja ta iya kara. An kuwa faɗa. Hajiya har gori take yi wa sauran matan gidan da ni.

"Ku dubi Saratu," in ji ta, "ɗiya na tsala kuka, ita ko gira ba ta ɗagawa. Wannan ita ce tarbiyya."

In na ji haka sai kaina ya ƙara girma, ko da yake tsawon yana nan inda yake.

Abin da ban lura da shi ba shi ne ɗakina ba ya rabuwa da mutane. Ga mai kawo ɗinki, ga mai karɓa, ga wadda ta zo gulma da sunan duba yadi. Ni kuma ba na ba 'yar fari nono a gaban kowa. In Ummi ta farka ta fara kuka sai in ƙara taka keke don ƙararsa ta danne. Hajiya ta leƙo ta ɗauke ta, ta ɗura mata ruwa, da ta ɗan yi wayo kuma koko tsararo, ta goya ta har barci ya kwashe ta. Sai ɗaki ya watse nake karɓarta. In ɗinkin Sallah ya taso, wata rana tun hantsi har la'asar bakinta bai ga nono ba. A hankali ta daina kukan ma, aka ce Ummi akwai haƙuri, ta gado uwarta.

Mu telolin cikin gida ba mu cika rubuta awo ba. Uwa takan kawo tsohuwar rigar yaro, wato rigar awo, ta ce a ƙara yatsa biyu ko uku. Da ƙaramar Sallah, Ummi na wata bakwai, na ɗinka mata riga. Da babbar Sallah na ɗauko waccan na yanka sabuwa a kanta, ta zauna mata daidai. Da Mauludi ya zo na sake yin haka, ta sake zama daidai, har ina murna yarinya ba ta cin yadi. A makon ne maƙwabciyata Lantana ta kawo rigar awon ɗiyarta, wadda kwana tara ne kawai tsakaninta da Ummi, ta ce in ƙara yatsa huɗu don har hannun ya ɗage. Bayan ta fita na shimfiɗa rigar a kan ta Ummi. Tun kafin ƙarin ta fi ta da yatsa uku. Na daɗe riƙe da almakashi ban yanka komai ba.

Na faɗa wa Malam a keɓe, ina yi ina kallon ƙasa kamar maganar 'yar wani nake. Shi kuma ya kai wa Hajiya, ta yi dariya har da tafawa.

"Isiyaku, ka dubi uwar mana. Ina ɗiyar za ta samo tsawo, a kasuwar Bakori? Gado ne."

Kowa ya ce gado ne. Kalmar ta yi mani daɗi don ta wanke ni, kuma dama uwar 'yar fari ba ta da bakin ƙorafi. Na naɗe rigunan na ci gaba da aikina.

Mako guda bayan Mauludi gudawa ta kama Ummi. Aka ce haƙori ne. Hajiya ta aika aka karɓo maganin haƙori wajen mai kemis, ita kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam, ta kawo wasu saiwoyi ta ce a jiƙa a riƙa ɗura mata. Wata mai kawo ɗinki kuma ta ce nonona ne ya yi zafi saboda zaman keke, in dakata da ba ta sai ya huce. Kwana biyu na dakata. Wannan kwana biyun har yau ba na son tuna su.

A mako na biyu amai ya haɗu da gudawar. Idanunta suka zurma, maɗigarta ta faɗa, tsofaffi suka kwaɓa magani suka shafe mata tsakiyar kai. Yarinyar da take zama da kanta ta koma in an zaunar da ita sai ta kife. Malam ya ce a kai ta ƙaramin asibitin gari. Hajiya ce ta goya ta, ni ina biye a baya kamar 'yar rakiya. Ma'aikaci guda ne a wajen, mata sun cika baranda har ƙarƙashin darbejiya, sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Ya tambaya sau nawa ta yi gudawar tun safe.

"Ba yawa, ɗana," in ji Hajiya. "Haƙori ne ke wahalar da ita."

Na san sau tara ne, don ni ke wanke tsummokaran. Amma ya za a yi in tsallake surukata in yi bayanin 'yar fari a gaban namiji baƙo? Na bar shi ya rubuta abin da Hajiya ta ce. Ya ba mu garin nan na gishiri da sukari da ake damawa, ya ce in ba ta yi sauƙi ba mu wuce Funtua. Ba laifinsa ba ne, abin da aka faɗa mashi ya yi aiki da shi.

Mako na uku, wata safiya, na sa mata nono ta kasa kamawa. Leɓenta ya bushe, ido a buɗe amma ba ni take kallo ba. Na murza fatar cikinta na saki, ta tsaya a tattare kamar yadin da bai sha guga ba. Ban san lokacin da na ja zane na goya ta ba. Na fito tsakar gida, Malam yana ɗaura buhuna a mashin zai tafi gona, matan gida suna surfe.

"Malam, kwance buhunan nan. Funtua za mu."

Taɓarya ta tsaya. Hajiya ta fito daga ɗakinta ta dube ni daga sama har ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci.

"Saratu, ke da kanki kika goya ta?"

"Ni da kaina, Hajiya."

Sai ta koma ta ɗauko mayafi ta biyo mu. Wannan ba zan manta mata ba.

Damina ba ta gama ɗaukewa ba, hanya duk taɓo, sai da muka sauka muka tura mashin a wuri biyu kafin mu kai inda za mu samu mota. A asibitin da muka je a Funtua, layin kati kaɗai ya isa ya sa mai lafiya ciwo. Mai ba da katin yana danna waya yana amsa mutane da ka, ni kuma tagar ta fi tsawona, sai na yi ɗage yake ganin goshina. Wata baiwar Allah Bafulatana daga wajen Musawa ta leƙa bayana, ta ga yadda wuyan Ummi ya karye, ta ce wa na gaba su matsa, ta tura ni wurinta. Ko sunanta ban tambaya ba. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Aka ba mu gado, yara bibbiyu a kan kowane. Sun daɗe suna laluben jijiya, hannu ya ƙi, sai a ƙafa aka samu aka sa mata ƙarin ruwa. Malam ya koma gida ya fitar da masarar bara da muke ajiye da ita ya kai kasuwa, kuɗinta jinyar ta ci. Innata ba ta zo daga Danja ba, ta dai aiko ƙanwata Karima da fura da gaisuwa. Kwana uku ina zaune a kan tabarma gefen gadon, Hajiya ce ke amsa duk tambayar likita.

Rana ta huɗu gudawar ta tsaya, Ummi ta buɗe ido sosai. Muna ta hamdala muna zaton sallama ta zo, sai ga wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau wadda kowa ke ce wa Sista, ta shigo da wani katako mai lambobi. Ta kwantar da Ummi a kai, ta danne gwiwoyinta, ta duba, ta tambayi watanninta. Aka ce shekara guda da 'yan makonni. Ta sake aunawa.

"Gudawa ta tafi, amma yarinyar nan ta daɗe ba ta ƙara tsawo ba," in ji ta.

"Gado ne, Sista," Hajiya ta ce. "Ga uwar nan ki duba."

"To uwar, taso ki tsaya jikin bangon nan."

Na tashi na tsaya, matan ɗakin suna ƙunshe dariya, ni kuwa na ɗaga haɓa, don ba yau aka fara ba. Ta auna ni, ta rubuta, sannan ta tambaye ni mu nawa ne wajen mahaifiyarmu. Na ce biyar.

"Duk haka kuke?"

"A'a, duk sun fi ni. Ga ɗaya nan."

Na nuna Karima, wadda take zaune tana yanka lemo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma sai na ɗaga kai nake ganin fuskarta.

"Ke ta nawa ce?"

"Ta fari."

"Wannan da ke kwance fa?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta amsa, har da ɗan alfahari a muryarta, ta ce ta farinta ce, ai ko sunanta ba ta faɗi. Sista ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ba Hajiya take tambaya ba yanzu, ni take tambaya: kafin ciwon nan, sau nawa yarinya take shan nono daga safe zuwa magariba? Na ce uku. Ta ci gaba da kallona. Na ce wani lokacin biyu.

Ba ta yi mani faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mani sauƙi. Ta ja kujera ta zauna kusa da Hajiya.

"Hajiya, gajarta daban, tsumburewa daban. Akwai ta gado, ban musa ba, kuma ban ce wannan za ta kamo ubanta ba. Amma sau da yawa uwa gajera ita ma tsumburewa ta yi tana ƙarama. Sai ta zo ta haifi ƙaramin jariri, shi kuwa ƙaramin jariri ninkin kulawa yake so. Ku kuma sai ku dubi uwar ku ce shi ke nan, a rage mashi. Haka abin ke bin gida daga uwa zuwa ɗiya har a ɗauka a jini yake. Kuna da sauran lokaci daga yanzu zuwa ta cika shekara biyu. Abin da ya wuce nan, kamo shi da wuya."

Malam yana tsaye bakin ƙofa da yayansa da ya zo dubiya. Daga baya ya ce mani shi kalma ɗaya ta ishe shi, tsumburewa, don ya san masarar da ta rasa takin farko, ko ka juye mata buhu daga baya ba ta kamo 'yan'uwanta.

Ni kuwa haushi na fara ji. Shekara ashirin da biyu ina taƙama da gajartata kamar wani ado da Allah ya keɓe ni da shi, sai ga mace ta zo da katako ta ce wataƙila ƙwauro aka yi mani. Ina cikin wannan Ummi ta fara kuka, irin siririn kukan nan da ta daɗe da dainawa. Ɗaki cike, ga Hajiya, ga Malam, ga yayansa. Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauke ta yadda ta saba, na riga ta.

"Zo nan, Ummi," na ce. "Zo, Ummina."

Na zauna bakin gadon na gyara mayafi na ba ta nono. Yayan Malam ya tuna yana da sauri, ya fice. Hajiya ta juya fuska wajen taga. Fuskata kamar an watsa mani barkono, amma ban cire ta ba sai da ta saki don kanta.

Kwana shida muka yi aka sallame mu. Na roƙi a ba mu ɗan ƙunshin nan mai gyaɗa da ake ba yara masu tamowa, aka ɗaura mata tef ɗin awo mai launuka a damtse aka ce ba ta kai ja ba, wasu sun fi ta buƙata. Na ji zafin wannan, har na ce wato sai ta ƙara lalacewa za a duba mu. Sista ta ce maganinta yana cikin rumbunmu. Ta koya mani kunu: gero ko masara, da soyayyen waken suya, da gyaɗa, a niƙa tare, a dama shi da kauri har ya tsaya a cokali, a ɗiga manja. Ƙwai in an samu, ganyen zogale a miya, kifi a murje mata. Nono kuwa duk lokacin da ta nema. Ta ce ni ma in ci in ƙoshi, ba a tatsar abin da ba a zuba ba.

Makonnin farko a gida sun fi na asibiti wuya. Labari ya riga mu isa cewa Saratu ta zubar da kunyarta a Funtua. Na kafa doka a ɗakina: ko wa ke zaune, in Ummi ta motsa keke zai tsaya. Wasu suka riƙa zuwa don su gani da idonsu, wasu suka kwashe ɗinkinsu suka kai wani wuri, kuma duk sun dawo da wuyan riga a karkace. Hajiya ta yi mako biyu ba ta ce mani komai ba sai amsa gaisuwa. Ita kuma Ummi, da ta saba da koko tsararo, sai ta ƙi kunun. In na sa mata cokali ta turo shi da harshe ta kau da kai. Nakan shafe awa guda a kan cokali biyar, ina yi mata waƙa, ina tafi, ina kwaikwayon kukan akuya, ni da ban taɓa yi mata murmushi a gaban mutum ba.

Wata rana ina murje mata dafaffen ƙwai a tsakar gida sai ga Gwaggo. Ta riƙe baki.

"Ƙwai, Saratu? Ba ki san yana sa yaro sata ba?"

Ina neman yadda zan amsa ba tare da na yi rashin kunya ba, sai na ji muryar Hajiya daga inuwar ɗakinta.

"Ɓarayin da suka kwashe mana awaki bara, ke kika dafa masu ƙwai? Ƙyale ta ta ba ɗiyarta."

Tun daga ranar kajin Hajiya suka daina zuwa kasuwa da ƙwansu. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, amma ita ke soya waken ta kai niƙa da kanta. Malam kuma, da aka yi cinikin waken suya a shekarar, ya ware buhu guda ya hana a ɗora a mota. 'Yan'uwansa suka yi ta tsokanarsa wai zai buɗe shagon awara, ya ce e, mai saye ɗaya gare shi.

Duk wata muna zuwa awo a ƙaramin asibiti, ni ke goya ta, ni ke amsa tambaya. Wata na farko nauyi ya ƙaru, tsawo ko motsi. A na biyu zazzaɓi ya kama ta, kwana biyar ta zubar da rabin abin da muka tara, na zauna na yi kuka mai isata sannan na tashi na ɗora tukunyar kunu. Wani watan mu je a ce katakon awo yana kulle, mai mabuɗi ya tafi taro, mu dawo da ƙura a ƙafa. Sai a wata na huɗu ma'aikacin ya danne gwiwoyinta ya duba, ya sake dubawa, ya ce ta motsa. Ɗan kaɗan ne, ko faɗin yatsa bai cika ba. Na fito ina tafiya kamar wadda aka ba kujerar Makka.

Daga nan abin ya miƙe, ba da gudu ba. Ta fara rarrafe na gaske, ta kama bango, tana wata goma sha bakwai ta saki ta taka har bakin keke ta kama mani zane. Da ƙaramar Sallah ta zagayo sai da na ƙara mata yatsa huɗu, na kuma faɗa wa duk wadda ta shigo ɗakin, har wadda ba ta tambaya ba. A lokacin aka fara cewa ta isa yaye tunda tana tafiya. Na ce sai ta cika shekara biyu cif, ko kwana ɗaya ba zan yafe ba, Malam ya ce maganata ita ce tasa.

Ba zan yi maku ƙarya ba, Ummi ba ta kamo ɗiyar Lantana ba, kuma an gaya mani wataƙila ba za ta kamo ta ba. Watannin da na ɓata ina taka keke ba duka suka dawo ba. Amma tana gudu, tana surutu kamar rediyo, kumatunta sun ciko, kuma kowane awo sai an samu ƙari. Na gode wa Allah, na gode wa Sistar da ta tsayar da ni jikin bango, na gode wa Malam da Hajiya. Ke kuma mai goyon fari, ki yi kunyarki a suna in kina so, ki yi ta a wasa, amma kada ki yi ta a nono. In ke gajera ce, ki ci ki ƙoshi da cikinki ki je awo, kuma duk wanda ya dubi ɗanki ya ce gado ne, ki ce mashi sai an gwada ciyarwa tukuna.

Ranar da Ummi ta cika shekara biyu na kai ta Danja yaye wajen Inna, yadda ake yi. Karima ta daɗe da kwashe duk abin da aka yi a asibiti ta gaya mata, amma shekara guda Inna ba ta taɓa tada maganar ba. Na ajiye garin kunun a gabanta ina bayanin yadda ake damawa, tana jina tana kallon gefe. Da na gama sai ta jawo Ummi ta ɗora a cinya, ta fara magana da ita, ba da ni ba.

"Ƙawata, bari in ba ki labari. Uwarki a bayan rumbu nake ba ta nono. Gidan cike yake da surukai, ko ina ido. In na ji kukanta sai in ɗauki ƙwarya kamar zan ɗebo hatsi, in saci jiki in sunkuce ta. Wata rana in samu, wata rana in wuni ina jinta ban samu ba. Aka yi ta yabona har ƙauyukan maƙwabta."

Ta sauke Ummi ta miƙe ta zo gabana. Ta ɗaga hannu saman kaina, kamar taƙi guda, ta tsayar da shi a iska.

"Nan ya kamata ta kai," in ji ta. "Ni na rage mata."

Na kamo hannun na sauko da shi, na ɗora shi a kaina.

"Inna, nan ma ya isa. Da wannan tsawon na tsaya mata."

Ba ta ɗauke hannun ba sai da Ummi ta ja mata zane tana neman kunu.